Gawar Da Na Tsayar A Rana

Akwai ranar da ko na so in manta da ita ba za ta bar ni ba, kuma gaskiya ban cancanci in manta ba. Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen jikokina sai an tuna mini. Amma ranar da na yi wa mahaifiyata ƙarya a gaban gawa tana nan daram, kuma duk lokacin da ta faɗo mini sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, allo na yi, sai ɗan boko da na tsinta da girma. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Mma muke ce wa mahaifiyarmu, kamar yadda 'ya'yan Zangon Kumasi suke kiran uwayensu. Koko take sayarwa da safe a bakin layinmu, amma ba da koko aka san ta ba. Ita ce mai wankan gawar mata. Daga tsohon Zango har unguwar Alabar, in mace ta rasu, gidanmu ake fara aikowa. Sai ta bar wa ƙanwata tukunyar koko, ta ɗauki bokitinta da ƙwarya da sabulu da kafur da busasshen ganyen magarya, wanda masu kawo shanu daga arewa suke taho mata da shi saboda magarya ba ta yi a kurmi. Ni kuma aikina in ɗebo mata ruwa a famfo in ajiye a ƙofar gidan rasuwa, in juya. In ta dawo sai ta yi wanka, ta yi nafila, ta koma kan sana'arta. Matan gidanmu, da yake gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, sukan kewaye ta suna jan ta da magana. "Mma, an ce cikinta ya kumbura?" "Mma, wai da gaske mijin ne ya doke ta?" Amsarta ɗaya ce kullum: "Allah ya ji ƙanta." Daga nan ko za a kwana ana tambaya ba a samun ƙari.

A shekarun nan ƙasar ba ta sami 'yanci ba tukuna, ana ce mata Gwalkwas, siyasa kuwa ta raba Zango gida biyu. Ba zan ambaci jam'iyya ba, don babu wadda ta fi wata tsoron Allah a cikinsu. Maƙwabci ya daina gaida maƙwabci, wasu sun daina bin wasu salla, samari kuma muna yawo da sanduna muna fasa wa juna kai. Manyan da suka haɗa mu faɗan suna zaune a inuwa da manyan riguna suna cin goro, ko ƙwarzane babu a jikinsu. Har yau in na tuna fuskokinsu sai in ji ɗaci a bakina. Amma ba zan ɗora musu duka ba. Ni na kai musu kaina, ba wanda ya ɗaure ni.

Na haura ashirin a lokacin, ina aiki wurin wani Alhaji mai fataucin goro, ina ɗaure masa huhu ana lodawa a lore, wato babbar motar kaya. Shi ne babba a ɓangarenmu a unguwar. In ya ce mini "ɗana" sai in ji kaina ya kumbura, in yini ina tafiya kamar ni na gina Kumasi.

A can ƙarshen layinmu akwai wata tsohuwa da kowa yake ce wa Mame. Asalinta 'yar Tonawa ce, wato Asante. Ta musulunta tun tana budurwa, ta auri wani Bahaushe mai goro, ya mutu ya bar ta a Zango. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba, mace da namiji duk "ya zo" take ce musu, muna yi mata dariya tana taya mu. Dokunu take sayarwa, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, ba ta shiga harkar kowa. Laifinta ɗaya a wurinmu, ɗanta shi ne shugaban samarin ɗaya ɓangaren. Ni kuma ina da tawa da shi, don shi ya fasa mini goshi a tashar lore, tabon yana nan har yanzu.

Wata safiya aka aiko cewa Mame ta rasu. Mma ta ɗauki bokiti. Na ce mata, "Mma, gidan mutanen nan za ki?" Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ɗebo ruwa." Na ɗebo ina gunaguni, na dire a ƙofar gidan, wata mata ta karɓa ta shiga da shi. Ban ga Mma ba, ban yi magana da ita ba. Ku riƙe wannan.

Duk da gabar da ake yi, mutuwa tana tara mutane a lokacin, sai dai kowane ɓangare ya zauna gefensa. Na je na tsuguna kusa da bencin Alhaji. Yana kallon ƙofar gidan, ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Wa ya san ko ta bar tsafin gidansu? Irin waɗannan, salla a baki, gunki a ƙarƙashin gado." Mutanensa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya juyo ya dube ni. "Ɗana, ba kai ka kai ruwa ba? Tsohuwarka ba ta ce ta ga komai ba?"

Bai ce in yi ƙarya ba. Wannan dole in faɗa, ko da yake ina jin haushinsa har kabari. Ƙofa kawai ya buɗe, ni na shiga da ƙafata. Na ga idanun manya duk a kaina, na tuna goshina, sai na ji bakina yana cewa, "Ta gani, Alhaji. Ta ce akwai wani abu ɗaure a ƙugunta, irin na gidan tsafi, da gashin kaza da busasshen jini."

"Da bakinta ta faɗa maka?"

"Da bakinta."

Ban san inda na samo gashin kazar nan ba. Shaiɗan ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu. Kuma na san abin da ya sa maganar za ta yi nauyi: duk Zango an san Mma ba ta taɓa faɗin abin da ta gani ba, ba kuma ta taɓa yin ƙarya ba. In har ita ce ta yi magana, to abin ya kai. Amanar da ta yi shekaru tana tarawa, ita na ɗauka na jefi gawa da ita.

Kafin azahar magana ta gama zagaya benci-benci. Aka fito da Mame a makara, an lulluɓe ta da farin likkafani, aka ajiye ta a filin gaban masallacin unguwa. Aka yi sahu. Limaminmu, wani dattijo mai sanyin hali, ya matsa gaba zai ɗaga hannu, sai wani daga cikin mutanen Alhaji ya ɗaga murya: "Allah gafarta Malam, a dakata! A fara sanin wa za mu sallata. Mai wanka ta ga tsafi a jikinta."

Liman ya sauke hannunsa. Wuri ya hargitse. Ɗan Mame ya yi wani irin ihu da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya yi kukan kura zai faɗa cikinmu, mutum uku suka riƙe shi. Sahu ya watse, kowa ya koma ɓangarensa, sanduna suka fara fitowa daga ƙarƙashin riguna. Wani yana cewa a mayar da ita ƙauyensu, danginta su binne ta da ganguna da giya, maƙabartar Musulmi ba wurinta ba ce. Wani yana rantsuwa sai an yi mata salla ko jini ya zuba. Ana ta wannan, matar da ta yi shekara da shekaru tana azumi tare da mu tana kwance a tsakiyar fili, rana tana dukanta, ƙudaje sun fara sauka a kan likkafani. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a daidai lokacin daɗi nake ji. Alhaji ya dafa kafaɗata, na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Mata ba sa zuwa wurin sallar gawa, suna cikin gida. Amma hayaniya ta kai musu. Sai kawai muka ga Mma ta fito, gaban zaninta duk a jiƙe, mayafinta a karkace, ba takalmi. Mace ce gajera, ba ta da jiki, amma maza suka dinga darewa suna ba ta hanya. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba kuka take yi ba. Da kuka ne da ya fi mini sauƙi.

Ta tsaya gaban liman ta ce, "Allah gafarta Malam, me baiwar Allah nan take jira a rana?"

Liman ya gaya mata abin da aka ce.

"Wa ya ce na ce?"

Duk kawuna suka juyo wajena. Ta bi su da kallo har idonta ya sauka a kaina. Sannan ta mayar da fuskarta ga liman ta ce, "Ban faɗa masa komai ba. Rabona da shi tun da na ce ya ɗebo ruwa."

Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce, "To, ai mun san ƙawarta ce, za ta rufa mata asiri. Yaro zai yi wa uwarsa ƙarya ne?"

Liman yana son a rabu lafiya, ya sassauta murya ya ce, "Mma, ki taimake mu. Kalma ɗaya ce. Kin ga wani abu a jikinta, ko ba ki gani ba? Ki ce ba ki gani ba, mu yi salla mu tafi."

Na ɗauka shi ke nan, za ta ce ba ta gani ba, a ce ta kare ƙawarta, ni in tsira, magana ta zama ta wancan ya ce wannan ya ce. Sai na ji ta ce, "Ba zan faɗa ba."

Ɗan Mame ya daina fizge-fizge, ya ce, "Mma, don Allah. Uwata ce. Ki faɗa musu."

Ta dube shi da tausayi, amma ba ta sauya ba. Ta juya ga taron, ta ɗaga murya yadda har na bayan sahu suka ji. "In na ce yau ban ga komai ba, gobe in na wanke wata na yi shiru, me za ku ce? Za ku ce shirun nan da magana. Daga yau kowace gawa sai an tsayar da ni an tambaye ni. Kai Alhaji, ni na wanke uwarka. Na zo na ba ka labari? Kai ma da kake ɗaga sanda, ni na wanke matarka da ƙanwarka. Akwai wanda ya taɓa jin komai a bakina, mai kyau ko mara kyau? Kuna so in fara yau? In na fara, ba a kan wannan zan tsaya ba."

Babu namiji ɗaya a filin nan da Mma ba ta taɓa shiga ɗaki ta rufe ƙofa da wata tasa ba. Na ga manya suna sunkuyar da kai, na ga sanduna suna komawa inda suka fito.

Ta ci gaba, "Abin da zan faɗa shi ne abin da kowa ya gani da idonsa. Kun gan ta tana salla, kun gan ta tana azumi. Na yi mata wankan Musulmi. Saura naku. In ba za ku yi ba, ni ina nan tare da ita."

Ta je ta tsaya a wajen kan makarar, ta ware mayafinta da hannu biyu ta tare wa gawar rana.

Alhaji bai haƙura ba. Ya ce, "Duk mun ji. Amma har yanzu ba ta ce babu ba. Ga kuma shaida a tsaye." Ya tura ni gaba da tafin hannunsa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka tun da aka haife ni Mma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron". Ranar nan, a gaban duk mazan unguwa, ta kira sunana cikakke, har da na ubana. Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Ta ce, "Zo nan. Ka ce da bakina na faɗa maka. To zo ka dafa makarar nan, ka dubi wadda take ciki, ka maimaita. In ka maimaita, ni zan yi shiru, kai da Allah."

Na taka. Alhaji yana cewa a bayana, "Ɗana, kada ka ba mu kunya." Filin ba shi da faɗi, amma na ji kamar ba zan kai ba. Da na isa na miƙa hannu, sai ƙanshin kafur da magarya ya doke ni, ƙanshin da na tashi da shi a hannun Mma tun ina goye. Na ga yadda ta ɗaure likkafanin a wajen kai, tsaf, kamar mai shirya amarya. Hannuna ya ƙi sauka. Ina so in ce tsoron Allah ne ya kama ni, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya: idon Mma na ji tsoro. Tsoron Allah daga baya ya zo.

Na ce, "Ƙarya na yi."

Ta ce, "Ba su ji ba."

Na ɗaga murya na ce, "Ƙarya na yi! Ba ta faɗa mini komai ba. Ni na ƙirƙira."

Kun san wanda ya fara zagina? Alhaji. "Ɗan banza! La'ananne! Ka sa mun kusa ɗaukar alhakin baiwar Allah!" Ya kwaɗa mini mari a gaban mutane, ya shiga sahun gaba yana gyara hula, yana salati da ƙarfi don a ji. Mutumin da ya ce mini ɗana da safe. Shi ya fi kowa ɗaga murya a kabbara. Wannan ne har gobe in na tuna yake ƙona mini rai.

Mma ta naɗe mayafinta ta koma cikin mata, ba ta ƙara kallona ba. Aka yi wa Mame salla. Da aka zo ɗaukar makara na matsa zan sa kafaɗa, ɗanta ya tare ni da ƙirji. Bai doke ni ba, ko da yake da ya doke ni babu mai hana shi. Cewa ya yi, "Kada hannunka ya taɓa ta." Na bi su daga nesa har maƙabarta, ni kaɗai a baya, babu ɓangaren da yake so a gan shi da ni. Na tsaya a bakin hanya har aka rufe ta aka watse.

Da na koma gida wajen la'asar, Mma tana zaune a ƙofar ɗaki tana wanke bokitinta. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Na zaci za ta zage ni, ko ta ce in bar mata gida, na kuma shirya wa hakan. Ta ci gaba da cuɗa bokiti, can ta ce, "Ni nawa mai sauƙi ne, ina da rai, ka roƙe ni, na yafe. Ɗanta ma yana da rai, ka je ka yi ta roƙonsa har ya gaji. Amma wadda ka yi wa ƙazafi fa? Je ka roƙe ta mu gani. Mai rai in ka yi masa sharri zai tashi ya kare kansa. Ita ko ƙuda ba ta iya korewa, shi ya sa aka ba mu amanarta. Kai kuma a nan ka ga wurin gwada ƙarfi." Ta kife bokitin ta shiga ɗaki ta tayar da salla.

Ban koma wurin Alhaji ba, shi ma bai neme ni ba. Na ajiye sanda, na koma dako a kasuwa. Ɗan Mame ya daɗe ba ya amsa sallamata, na yi ta zuwa kamar yadda Mma ta ce, sai bayan shekaru ya miƙo mini hannu a wata jana'iza. Siyasar da muka kusa kashe juna a kanta ta wuce, waɗansu manyan ma suka sauya ɓangare suka ci gaba da cin goronsu tare.

Mma ta ci gaba da wanka har ƙarfinta ya ƙare, ƙanwata ta karɓi bokitin, yanzu 'yarta ce take yi. Ni ma da na manyanta na koyi wankan maza, na yi shi har gwiwoyina suka ƙi. A zuriyar Mma babu wanda zai zauna a gidan rasuwa ana cin naman mamaci, tashi muke yi, an san mu da haka, wasu har suna cewa muna da girman kai. Su faɗa. Abin da yake ba ni haushi shi ne masu zuwa su ce mini, "Kai, tsohuwarku waliyyiya ce," sannan su juya a benci ɗaya su fara tambayar me ya kashe wane, wai an ce jikinsa ya yi kaza. In kuna girmama ta, ku kama bakinku. Ita ba yabo ta nema ba.

Ba ta iya karanta littafi ko ɗaya ba, sai surorin da take salla da su. Amma a wurinta na gane cewa imani shi ne abin da ka yi wa wanda ba zai iya rama maka ba, ba kuma zai iya gode maka ba. Na gane kuma akwai laifin da mai yafe shi ya riga ya tafi. Mutum biyu sun yafe mini, na ji da kunnena, na gani da idona. Ta ukun ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai mun haɗu. Shi ya sa duk sallar da na yi, in na roƙa wa Mma gafara, sai in haɗa da Mame, in kuma roƙi Allah ya sa ranar da za a tsayar da ni a gabanta, ta fi ni tausayi.